Inda Suka Yanke Maganar Kakana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana, mahaifin mahaifina, ya amsa kiran Ubangijinsa ranar wata Laraba da hantsi, kansa a kan cinyar Iya, matar da ya aura tun kafin ruwan dam ɗin Tiga ya shanye garinsu.

Kafin azahar an kai shi makwancinsa, kafin la'asar gida ya cika ya batse. Gwaggo ta iso daga Kiru da takalmi wari-wari, ba ta ma lura ba. Baffa ya shigo daga maƙabarta ya zauna a kan turmi, ƙato da shi, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Wata Bafulatana daga wajen Burumburum, wadda babu wanda ya san ta a cikinmu, ta dire ƙwaryar nononta a tsakar gida ta fashe da kuka. Ta ce shekarar da ta haihu a rugarsu ta bakin ruwa, shi ne ya riƙa aika mata kifi har ta gama jego, bai taɓa tambayar sunan mijinta ba. Iya kuwa ba ta yi kuka ba. Carbi ne a hannunta, duk wadda ta ce mata "Ya haƙuri?" sai ta gyaɗa kai kawai.

Ina rabon ruwa a rumfar mata na ji wasu biyu a bayana, murya ƙasa-ƙasa.

"Allah ya jiƙan tsoho. Mutumin kirki ne, ba don abin nan na ƙarshe ba."

"Ke dai bari. Babu ce, ita ke sa dattijo ya sayar da bakinsa."

Saura kaɗan moɗar ta suɓuce daga hannuna. Ban tanka ba, don gidan makoki ne. Amma saboda maganar nan nake wannan rubutu. Kakana bai sayar da bakinsa ba. Sace shi aka yi, ina zaune, kunnuwana suna ji.

A hannunsu na tashi, shi da Iya, tun da aka yaye ni. Amarya yake ce min, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce masa Ango mai sanda. Ni ma'abociyar littattafan soyayya ce, irin waɗanda ake kasawa a kasuwa. In na gaji da ɗinki sai in buɗe ɗaya a kan keke, in karanta, in yi ta sharar hawaye. Sai ya leƙo.

"Amarya, yau kuma wane saurayin takarda ne ya yaudare ki?"

"Wanda ya fi ka haƙora."

"Kawo shi in tsoma shi a dam, mu ga abin da zai rage."

Na daɗe ina neman irin son da ke cikin littafi, ashe yana gidanmu, yana tari da asuba. Kaka masunci ne, kuma manomin rani. Wani lokaci yakan ɗauke ni a kwalekwale, mu yi nisa, sai ya daina tuƙi ya nuna ruwan da haɓa. "Nan ƙasa rijiyar unguwarmu take. A nan na fara ganin kakarki, tana faɗa da guga." Sai in leƙa in daɗe, ina ganin kamar zan hango wata budurwa mai sabon kitso ta ɗago kai daga ƙarƙashin ruwa. Ran nan a hanyar dawowa ya tsinko furen bado ya kai wa Iya. Na ce wallahi wannan ko a littafi sai an duba. Iya ta ce, "'Ya'yan badon na ce ya kawo min, ya kawo min fure. Akuya ce ni?" Amma ta sa shi a kwanon sha da ruwa, ta ajiye a gindin gado har ya bushe.

Abu biyu aka san shi da su a garinmu. Na farko gaisuwa. In Kaka ya tare ka, sai ya tambayi kwananka, da iyali, da mai jiki, da gajiyar jiya, da saniyar da ya ji an ce tana ɗingishi, sannan ya zo kan abin da ya kawo shi. Samari sukan ce in kana sauri ka bi ta bayan masallaci. Ko faɗa zai yi maka sai ya gode maka tukuna a kan wani alheri da ka taɓa yi. Yakan ce, "Ni ban iya faɗa wa mutum laifinsa ba tun ban tambayi lafiyarsa ba. Ina na sani, ko ciwo ne ya sa shi?"

Na biyu rediyo. A wuya yake rataye ta, in zai shiga ruwa ya naɗe ta a leda. In mai gabatar da shiri ya yi sallama, Kaka sai ya amsa da ƙarfi, "Wa alaikumus salam, ɗan nan, mun kwana lafiya?" In gardama ta yi zafi a majalisarsu ta gindin tsamiya, da ya ce "rediyo ya faɗa", a wurinsa magana ta ƙare. Mutanen cikin akwatin nan ya ɗauke su 'ya'yansa. Wannan shi ne ya fi ƙona min rai.

Akwai kanal ɗin da ke kawo ruwa daga dam zuwa gonakinmu na rani. Ya fashe a wani gefe, kachalla ta toshe sauran, wannan doguwar ciyawa da in ta kama wuri ba ta saki. Shekara da shekaru ke nan. Mutanen da aka tasa daga garinsu saboda ruwa, ga su zaune a gefen ruwa, tumatirinsu da alkamarsu suna ƙonewa. Duk kakar zaɓe ɗan majalisarmu, wanda ake ce wa Onarabul, zai zo da jerin motoci da makaɗa, ya tsaya a bakin kanal ɗin ya dafa ƙirji. Da an ƙirga ƙuri'a ba a sake ganin ko ƙurar tayarsa.

Ana dab da zaɓen da ya wuce sai ga wani ɗan jarida daga wani gidan rediyo na Kano, tare da yaron Onarabul. Ya ce koken jama'a ya zo ɗauka. Gari ya taru. Aminin Kaka ne ya tura Kaka gaba ya yi magana, abokin kaciyarsa, wanda suka kwaso kaya a amalanke ɗaya ranar da aka tashe su. "Kai ne mai baki," in ji shi. "Je ka faɗa musu abin da ke cin mu."

Ɗan jaridar ya ce hayaniya za ta ɓata masa ɗauka, sai dai su shiga daga ciki. Suka shiga zaurenmu aka turo ƙyaure. Kekena na ɗinki yana zaure na biyu, labule kaɗai ya raba mu, har ɗan jaridar ya ɗaga murya ya ce, "'Yan mata, a tsayar mana da keken." Na tsayar. Shi ya sa na ji komai.

Kaka ya fara kamar yadda duk dattijo mai mutunci zai fara a gaban baƙo. Ya yi bismilla. Ya ce, "Muna godiya ga Allah. Muna godiya ga shugabanninmu, muna godiya ga Onarabul da ya tuna da mu ya aiko. Allah ya ƙara masa lafiya, Allah ya yi masa jagora." Sai ya numfasa, ya ce, "Amma."

Abin da ya biyo bayan wannan "amma" ban taɓa karanta irinsa a littafi ba. Ya ce an ce su ba da garinsu don jama'a su sha ruwa, suka ba da, har da kaburburan iyayensu, yau ga shi jikokinsu suna sayen tumatir a gefen dam. Ya ce sau nawa Onarabul ya rantse a bakin kanal ɗin nan, ko ya ɗauka Allah ba ya zuwa ƙauye? Ya lissafa gonakin da suka mutu da masu su, da samarin da suka bar gida suka tafi haƙar ma'adinai a Riruwai. Ya ce a gaya wa Onarabul kada ya sake zuwa da makaɗi, ya zo da motar yasa. Ni kuwa a bayan labule na jiƙa zanen da aka kawo min ɗinki da hawaye.

Da za su tafi, yaron Onarabul ya sa aka dire buhun taki a ƙofar gida, a gaban kowa, wai tsaraba. Kaka ba ya mayar wa baƙo kyauta a idonsa. Ya bari suka tafi, washegari da sassafe ya sa Baffa ya ɗaura buhun a babur ya mayar. Zuwansa kowa ya gani, komawarsa babu wanda ya gani.

Ranar da za a sa shirin, bayan la'asar, gari ya kewaye rediyon Kaka a gindin tsamiya, mu mata muna jin tamu a cikin gida. Sai ga muryarsa, tsaf. "Muna godiya ga shugabanninmu, muna godiya ga Onarabul da ya tuna da mu. Allah ya ƙara masa lafiya." Ina jiran numfashin nan da na sani. Sai kiɗa ya tashi. Sai wani sojan baka, irin waɗanda ake biya su yi ta yabo da zagi a rediyo, ya hau ihu: "Kun ji da kunnenku! Dattawan bakin dam sun ce sai Onarabul! Maƙiya sai ku mutu!"

Iya ta dube ni. "Ya ƙare?"

"Bai ƙare ba, Iya. Ko farawa bai yi ba."

Ba sau ɗaya suka sa ba. Talla suka mayar da shi. Safe, rana, yamma, tsakanin tallar maganin basir da ta man shafawa, sai ka ji Kakana yana godiya. A shagon mai shayi, a motar haya, a wayar 'yan kasuwa. Yara suka mayar da ita waƙa, in ya wuce su bi shi da tafi.

Baffa ne ya ba ni labarin abin da ya faru a majalisa. Kaka ya je kamar kullum, ya yi sallama, ya miƙa wa Aminin hannu, ya fara, "An wuni lafiya, ya iyali..."

"Ajiye gaisuwarka," in ji Aminin, hannunsa a cikin riga. "Kai wa masu saye."

"Ni kake faɗa wa haka?"

"Kai. Mun tura ka ka yi mana kuka, ka je ka rangaɗa guɗa. Takin ya yi kyau?"

"Wallahi na faɗi komai, yankewa suka yi. Jikata tana nan, ta ji."

"Wacce? Mai karatun ƙaryar nan? Wadda ke kuka saboda mutumin da ba a taɓa haifa ba? Ita ce shedarka?"

Aka yi dariya. Baffa ya ce Kaka ya daɗe a tsaye da hannu a miƙe, sannan ya juya.

Ba zan ce Aminin ba shi da dalili ba. Alkamarsa ta ƙone a shekarar, ɗansa ya dawo daga Riruwai a kwance, rami ya rufta masa a ƙugu. Mutum mai irin wannan ciwo in ya ji amininsa yana godiya, dole zuciyarsa ta juya. Na bi gida-gida ina rantsuwa. Mata suka ce, "Ai dole ki kare shi, kakanki ne." Wata ta ce, "Ke da kin iya tsara labari." Karatun da nake tinƙaho da shi, shi ya zubar da shedata.

Kaka ya sa rigarsa ta Juma'a, Baffa ya kai shi Kano. Ya wuni a benci a ƙofar gidan rediyon. Can wani matashi mai katin ma'aikata rataye a wuya ya fito ya ce, "Baba, wannan fili sayen sa aka yi. Mai fili shi ke da ikon abin da za a sa."

Kaka ya ce, "To, filin nasa ne. Muryar fa, ta wa ce?"

Yaron ya duba wayarsa ya koma ciki.

Wani ya ba su shawara su je ɗaya gidan, na 'yan adawa. Can an karɓe su da fara'a, har da lemo. Suka ce yanzu-yanzu za a sa shi, sharaɗi ɗaya: ya ce Onarabul ɓarawo ne ɗan ɓarawo, ya ce shi da jama'arsa sun koma wajen mutuminsu. Kaka ya ce, "Ni ban san ubansa da sata ba. Ruwa na zo nema." Suka ce, "To Baba, sai mun neme ka." Suka ɗauke lemon da bai buɗe ba.

Ku gaya min, ku masu akwatin magana, ina talaka zai kai bakinsa? Wannan gida na wannan ne, wancan na wancan, kowanne da wuƙarsa yana jiran ka buɗe baki ya yanki abin da zai kai wa ubangidansa. Kuna cika mana kunne da "jama'a sun ce". Wace jama'a? Mun san ranar da Onarabul ya canja mota, mun san ranar da ya aurar da 'yarsa, mun san wanda ya zagi wane a taro. Ranar da gonar Aminin ta ƙone babu wanda ya katse kiɗa. Ladabin da iyayenmu suka koya mana, shi kuka mayar abin kama mu. Ku kuma masu hawa kujera da muryoyin sata, kun san ƙarya ce, ku kuka biya aka yi ta, sannan ku kunna ku ji daɗi kamar gaskiya.

Daga Kano Kaka ya dawo wani mutum daban. Ya cire batiran rediyonsa ya ba ni, ya ce in sa a tocila. Ya daina zuwa gindin tsamiya. A masallaci ya koma sahun baya, da an sallame ya fice. Mutumin da ake sauya hanya saboda tsawon gaisuwarsa ya koma "sannu" kawai, kai a ƙasa. Zaɓe ya zo ya wuce, Onarabul ya koma kujerarsa, kanal yana nan yadda yake, muryar Kaka kuma ba su daina sa ta ba. Da ciwo ya kwantar da shi, likita ya ce hawan jini ne. Ni na san abin da ya hau.

Yana kwance, ina ba shi kunu a cokali, ya ce, "Amarya, da na sani da 'amma' ɗin na fara."

"Da za ka iya, Ango?"

Ya kalli rufi. "A'a," ya ce. "Baƙo ne fa, ya taso tun daga Kano. Ba haka aka rene ni ba."

Aminin bai zo duba shi ba. Ya zo jana'iza, ya tsaya a ƙarshen sahu, bai shigo gida ba.

Ranar sadakar uku, muna fitar da kwanukan abinci zaure, sai ga jiniya. Hanyar da ba ta biyuwa in maganar kanal ce, ran nan ta biyu. Onarabul da kansa, da buhunan shinkafa, da masu ɗaukar hoto, da ɗan jaridar nan, shi dai. Na tsaya a bakin ƙofar zaure, tire a hannuna. Onarabul ya zauna a kan darduma ya ce ya yi rashin uba, ya yi rashin masoyi na gaskiya wanda bai taɓa ɓoye ƙaunarsa ba. Ya goge ido da hankici, ya jira aka ɗauka, sannan ya mayar aljihu.

Ɗan jaridar ya duba tabarmi yana neman mai furfura. Ya durƙusa a gaban Aminin, ya kai masa abin ɗaukar magana baki. "Baba, ga Onarabul ya taso takanas. Me za ka ce?"

Na ga Aminin ya gyara zama, jijiyar wuyansa ta tashi. Na san ya daɗe yana tara wannan magana, na san ya ce a ransa yau zai nuna yadda namiji ke yi. Amma gidan makoki ne, baƙi sun zo gaisuwa, shi kuma dattijo ne. Bakinsa ya bi hanyar da ya sani.

"To, alhamdu lillahi. Muna godiya ga Allah, muna godiya ga manyan baƙi da suka taso, Allah ya ba da lada, Allah ya mayar da su gida lafiya." Ya ja numfashi.

"Madalla, Baba, ya isa," in ji ɗan jaridar. Ya danna abinsa ya miƙe.

Aminin ya zauna baki a buɗe. Babu ƙyaure a rufe ran nan, babu labule. Gari guda yana kallo. Na ga liman ya sunkuyar da kai. Na ga mai shayi ya dubi Baffa, ya kawar da ido.

"Kai yaro," Aminin ya ce. "Ban gama ba."

"Lokaci, Baba, akwai wata gaisuwar a Tudun Wada."

Suka shafa fatiha a tsaye, suka shige motoci. Babu wanda ya raka su. Buhunan shinkafar suna nan a jingine da bango, kowa yana kauce musu da ido.

Aminin ya dafa sanda ya tashi, ya tako har bakin zaure. Bai taɓa kallona a matsayin mutum ba sai ran nan.

"Jikalle," ya ce, "ran nan da kakanki ya gama godiyar, me ya ce?"

Na ajiye tiren. A gaban maza, a gaban liman, na faɗa. Ban rage ba, ban ƙara ba, don ba na bukatar ƙari. Da na zo inda Kaka ya ambaci gonar Aminin, da ɗansa da ke kwance, tsohon ya zame ya zauna a dokin ƙofa, ya yi wani irin kuka da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Baffa ya ce, "Takin ma ni na mayar da shi, da hannuna." Wani daga baya ya ce, "Astagfirullah." Sai ta bazu a tabarmi, baki bayan baki.

Iya tana takaba, ba ta fitowa. Aminin ya roƙa aka kai shi ƙofar ɗakinta, ya durƙusa a waje, asabari a tsakaninsu.

"Uwargida, na zalunci mijinki. Ya miƙo min hannu na hana shi. Yanzu ina zan same shi?"

Muka ji ƙarar carbi ta tsaya.

"Shi ya yafe maka," in ji Iya. "Tun kafin ya kwanta ya yafe, ya ce ɗanka ne ke maka ciwo. Ni ce ban yafe ba tukuna. Ka dawo bayan arba'in, ka tambaye ni."

Aminin ya ce, "Zan dawo." Ya daɗe a durƙushe kafin Baffa ya ɗaga shi.

Ya Allah, ka jiƙan Kakana, ka yalwata masa inda yake kwance, ka shayar da shi daga ruwan da babu mai toshe shi. Ka ba Iya ikon abin da ya yi mata nauyi. Waɗanda suka yanke masa magana kuwa, ba ni da wuƙar da zan rama masa. Na bar su da ranar da za a karanta wa kowa nasa tun daga farko har ƙarshe, babu mai cewa ya isa.